Wai me ake saurare a kiɗan da babu waƙa a cikinsa?

Mai Garmaho: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tunda an ce daren Juma'a kowa ya kawo abin da ke ransa, ga nawa. Abin nan da ake sakawa ƙasa-ƙasa a otal-otal da wuraren cin abinci na Abuja da Kaduna, saksofon yana ta lanƙwasa, ganga kuma na'ura ce ke buga ta, don Allah a daina ce masa jazz. Duk wanda ya ce min ya gwada jazz bai ji daɗinsa ba, in na bincika sai in tarar wannan ya ji. Ba a yi jazz don a ci shinkafa a kansa ba.

Sarkin Gardama: Wa alaikumus salam Baba. Kenny G mai saksofon ɗin nan na Amurka kake nufi, ka fito fili kawai hhhh. To ni wallahi shi ɗin ma ya fi min sauƙi. Naku na asalin na gwada, minti tara mutum yana busa, ba baiti ba amshi, ban san inda aka dosa ba. Mu Hausawa magana muke saurare. In Shata ya yi shiru aka bar kalangu kaɗai, wa zai zauna?

Maman Biyu: Ɗan nan ya faɗi abin da ke raina. Maigidana ya taɓa sa mana irin wannan a mota daga Kano har Zariya, yara suna ta tambaya, "Abba, yaushe za a fara waƙar?"

Mai Garmaho: Hajiya, ki gaishe min da maigidan, ɗan'uwana ne shi. Kai kuma ɗana, ban ce Kenny G bai iya busa ba. Ya iya, kuma ya sayar da faifai fiye da duk waɗanda zan lissafa maka. Abin da nake cewa shi ne a irin wancan kiɗan ba wanda ke sauraren wani. An riga an shirya ganga da bes, wato kayan kiɗan nan mai tsirkiya da kaurin murya, an ɗora busa a kai.

Bari in faɗa maka yadda ake gina na gaskiyar, don rashin sanin ginin ne ke sa mutum ya ɓace. Da farko duka ƙungiyar za ta buga taken, wato ainihin karin da aka sani. Gajere ne. In blues ne, wato tsohon salon waƙar baƙaƙen Amurka, awo 12, kowane awo bugu huɗu. In tsohuwar waƙar dandali ce yawanci awo 32, kashi huɗu na takwas-takwas, na farko da na biyu da na huɗu iri ɗaya, na uku ya bambanta. Da an gama take sai a koma farko, amma yanzu ba mai sake busa karin. Mai fiyano da mai bes za su ci gaba da zagaya gindin nan na awo 32, mabushi kuma yana ƙirƙirar nasa karin a kai, nan take, a gaban mutane. Ya yi zagaye biyu ko uku ya miƙa wa na kusa da shi. Wani lokaci mai ganga da mabushi su yi musayar awo huɗu-huɗu, wannan ya faɗa wancan ya mayar masa. A ƙarshe a dawo take a rufe. Shi ke nan fa. Wanda ya riƙe taken yana rera shi a zuci ba zai ɓace ba, zai ma riƙa jin inda mabushin ya kauce da gangan da inda ya dawo hanya.

Ɗan Samaru: Ni maganar "mu Hausawa magana muke saurare" ce ban yarda da ita ba. Algaita da kakaki a ƙofar fada wace waƙa ce a cikinsu? Bafulatani da sarewarsa a bayan shanu, wa ke masa amshi? Kiɗan tauri fa, da ake yi wa mutum ya zabura ya ciro wuƙa?

Sarkin Gardama: Yaya, ka ba ni makami da hannunka. Ɗan tauri ba don daɗin ganga yake zabura ba, takensa ya ji, kuma ya san kalmomin da ke bayan taken. Kalangu magana yake yi. Kakaki ma kirarin sarki yake faɗa. Ko da baki bai furta ba akwai magana a ƙasa. Ƙahon Miles Davis me yake cewa?

Mai Garmaho: Wannan tambaya ta fi ta farko nauyi, Allah ya yi maka albarka. Amsar ita ce su ma da yawansu da magana a ƙasa. Yawancin taken da suke busawa waƙoƙi ne da duk Ba'amurke na lokacin ya haddace baitocinsu daga rediyo da silima. Lester Young ya riƙa cewa mabushi ya san kalmomin waƙa kafin ya busa ta. Dexter Gordon kuwa kafin ya sa saksofon a baki sai ya tsaya gaban makirfo ya karanto baitin da bakinsa, sannan ya busa. Kai da ba ka taso da waɗannan waƙoƙin ba, rabin zancen ya wuce ka, kamar yadda Bature zai ji kalangu ya ce ganga ce kawai. Sauran rabin kuma shi ne abin da ke faruwa tsakanin makaɗan. Hira ce irin ta majalisa bayan isha'i: wani ya ɗauko zance, wani ya tare shi, wani ya yi gyaran murya kawai amma kowa ya gane nufinsa. Wannan rabin ba ya buƙatar Turanci.

Kuma tunda ka kawo Shata, shi da aka san shi da cewa ba ya zama ya shirya waƙa, a fili yake ƙirƙirar ta yana kallon jama'a, makaɗansa da 'yan amshi suna riƙe masa gindi, ai kai ne ya kamata ka fi kowa gane wannan tsari.

Ɗan Samaru: Baba, bari in ƙara wani abu da 'yan Zariya da yawa ba su sani ba. Yusef Lateef, wanda ya taso a Detroit yana busa saksofon da sarewar Turawa, ya zauna a garinmu daga 1981 zuwa 1985, yana babban mai bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Najeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello. Abin da ya fi mayar da hankali a kai shi ne sarewar Fulani. Mutumin da ya yi aiki da Dizzy Gillespie da Cannonball Adderley, ya haye shekara 60, ya zo ya zauna yana koyon abin da mu muke wucewa a bakin hanya ba mu ko waiga. Har faifai ya ɗauka a Legas a 1983 da makaɗan Najeriya. Ya rasu a 2013 yana da shekara 93.

Maman Biyu: Ikon Allah. A Samarun nan?

Ɗan Samaru: A nan Hajiya.

Direban Dare: Salam. Ni ban san su awo 32 ba, tambayata ta aiki ce. Ina tuƙin dare, ina neman abin da zai hana ni gyangyaɗi. Wani fasinja ya tura min jazz a waya, minti goma da sakawa na fara hamma, dole na kashe na koma wa Ɗan Maraya. Akwai wanda ba ya sa barci?

Mai Garmaho: Malam direba, Allah ya tsare hanya. Wanda zai yi gyangyaɗi ya faka ya kwanta, ba kiɗan da ke maganin barci. Amma in don ɗebe kewa ne, nemi Art Blakey da ƙungiyarsa Jazz Messengers, abin da suka ɗauka daga 1958 zuwa 1964. Mai ganga ne shugaban. In mabushi ya fara sanyi sai ka ji Blakey ya turo masa guguwar ganga daga baya, dole ya miƙe. Shekara fiye da 30 ƙungiyar nan tana yaye matasa: Lee Morgan, Wayne Shorter, Freddie Hubbard, har zuwa Wynton Marsalis a farkon shekarun 1980. Ya zo Afirka ta Yamma a ƙarshen shekarun 1940, kuma ya musulunta ya ɗauki suna Abdullah Ibn Buhaina.

Bazazzagiya: Kawu, na lura sunayen Musulmi sun yi yawa a cikinsu. Yusef, Abdullah, na kuma ga wani Ahmad Jamal.

Mai Garmaho: Haka ne 'yata. Ahmad Jamal mai fiyano ne daga Pittsburgh, ya musulunta a 1950, ya rasu a 2023. Shi ne wanda Miles Davis ya ce ya koyi barin fili a kiɗa daga gare shi, wato sanin inda za ka ɗaga hannu ka ƙyale bes da ganga su yi numfashi. Akwai kuma Abdullah Ibrahim na Afirka ta Kudu, wanda da ake kira Dollar Brand.

Almajirin Malam: A faɗi gaskiya duka dai. Da yawa daga cikin na Amurkan ta hannun Ahmadiyya suka shiga. Sannan shi kansa kiɗan akwai maganar malamai a kai.

Shugaban Zaure: Malam, gyaran farko ya shiga, tarihi ne. Na biyun kuma dokar zaure ta hana muhawarar aƙida da fatawa a nan, akwai wuraren da suka dace. A ci gaba.

Almajirin Malam: Na bi doka. Amma a bar ni da wannan: ba 'yan ƙwaya ba ne akasarinsu? Abin da na sani game da su ke nan.

Mai Garmaho: Ba zan ɓoye maka ba, hodar heroin da giya sun ci mutane da yawa a cikinsu, musamman daga shekarun 1940 zuwa 1950. Charlie Parker, wanda da shi da Gillespie suka sauya kiɗan gaba ɗaya a Harlem, ya mutu a 1955 yana da shekara 34, likitan da ya duba gawarsa ya zaci ɗan hamsin da wani abu ne. Abin takaicin shi ne yara masu tasowa sun ɗauka sai sun sha abin da yake sha za su busa yadda yake busawa. Clifford Brown ya ƙaryata wannan. Ba ya shan komai, kuma a zamaninsa ba wanda ya fi shi tsabtar busa ƙaho. Haɗarin mota ne ya ɗauke shi a 1956 yana da shekara 25. John Coltrane mai saksofon ya daina shan ƙwaya a 1957, kuma duk aikin da ake tuna shi da shi bayan nan ya yi shi. Ƙwaya ba ta ƙara wa kowa komai ba, rage mana su ta yi.

Bazazzagiya: To Kawu, mu masu son murya fa? Ko duk maza ne da ƙahonni?

Mai Garmaho: Ina! Billie Holiday, Sarah Vaughan, Ella Fitzgerald. Ki fara da Ella. A Berlin a 1960, tana tsakiyar wata waƙa a gaban dubban mutane baitocin suka ɓace mata. Ba ta tsaya ba, sai ta shiga ƙirƙirar nata tana ba jama'a labarin cewa ta manta, har tana kwaikwayon muryar Louis Armstrong, makaɗan suna biye da ita ba wanda ya yi tuntuɓe. Wannan ɗaukar ce aka fitar a faifai, kuma ta ci kyautar Grammy da ita. Billie ba ta da faɗin muryar Ella ko kusa, amma tana jan kalma ta makara a bayan bugu, ta sa ki ji nauyin abin da take faɗa. Ni a wurina ita ce gaba, sai dai ba da ita ake fara koyo ba.

Ɗan Zangon Kumasi: Gaisuwa daga Ghana. Tunda an ambaci Armstrong, dattawanmu har yanzu suna labarin zuwansa Accra a 1956, kafin samun 'yanci. Ya gana da Nkrumah, ya kuma yi wasa tare da E.T. Mensah, sarkin highlife.

Mai Garmaho: Ya dawo a 1960, wannan karon har Najeriya, makonni kaɗan bayan samun 'yancinmu. Akwai hotonsa da Sardauna a Kaduna suna dariya, ku nema za ku gani.

Sarkin Gardama: Baba, wannan ai farfaganda ce. Gwamnatin Amurka tana tura baƙaƙen fata su yi wa Afirka murmushi don kada mu bi Rasha, alhali a gida ba sa iya kwana a otal ɗaya da Turawa. A wannan tafiyar ya je Kongo a Oktoba, watanni uku bayan nan aka kashe Lumumba.

Mai Garmaho: Gwamnatinsu farfaganda take yi, ba musu. Shirin jazz na Willis Conover a Muryar Amurka, da aka fara a 1955 ya kai shekara 40 ana yi, wanda mu muka riƙa kamawa a gajeren zango da dare ana shuuu ana dawowa, shi ma don haka aka kafa shi. Amma kada ka mayar da makaɗan wawaye. A 1957, lokacin da gwamnan Arkansas ya sa sojoji suka hana yara baƙaƙe tara shiga makarantar sakandare a Little Rock, Armstrong ya fito a jarida ya caccaki shugaba Eisenhower, ya kuma fasa tafiyar da gwamnati ta shirya masa zuwa Tarayyar Sobiyet. Mutumin da ake yi wa kallon mai washe baki ke nan. Wanda ya aiko su da nufinsa, su ma da suka zo da nasu. Randy Weston ya zo Legas a 1961 tare da su Nina Simone, bai huce ba sai da ya koma Maroko da zama, ya buɗe gidan kiɗa a Tanja.

Ɗan Obalende: Duk wannan zagaye-zagaye ba wanda ya ambaci Fela? Mu namu jazz ɗin ke nan.

Ɗan Samaru: Fela da jazz ya fara, gaskiya ne. Ya tafi Trinity College of Music a Landan a 1958, ƙaho yake busawa, ya dawo Legas yana son ya yi irin na su Miles, mutane ba su saya ba, shi ya sa ya gauraya da highlife a Koola Lobitos. Amma abin da ya zama bayan tafiyarsa Amurka a 1969 wani abu ne daban. Gindin afrobeat ba ya zagaye irin wanda Baba ya bayyana, wuri ɗaya yake tsayawa ya yi ta nanatawa.

Mai Garmaho: Ni a ƙungiyar Fela kunnena yana wurin Tony Allen. Shi da bakinsa ya ce Blakey da Max Roach ya saurara ya koyi ganga, har ya yi wa Blakey faifan girmamawa a 2017 kafin ya rasu a Paris a 2020. Ka saurari ƙafarsa ta hagu a kan farantan nan biyu masu haɗuwa. Gaɓoɓi huɗu, kowace da abin da take faɗa, kuma ba ya dukan ganga da ƙarfi. A bar gardamar ko jazz ne ko ba jazz ba, a saurari mutumin.

Maman Biyu: Baba, maigidan ya ce in tambaye ka, wai dole sai da garmaho da baƙin faifai ake jin daɗinsa? Yana neman hujjar kashe kuɗi ne, na san shi.

Mai Garmaho: Hajiya, ki riƙe kuɗin cefanenki. Sunana kawai ke nan. Baƙin faifai a ƙasarmu wahala ne: zafin Afrilu ya lanƙwasa shi, ƙurar hunturu ta cika ramukansa, allura in ta lalace sai an yi odar ta. Masu cewa sautinsa ya fi, yawancinsu ƙuruciyarsu suke tunawa. Waya ta isa. Abin da na hana shi ne lasifikar waya. Ba ta fitar da bes ko kaɗan, kuma wanda bai ji bes ba bai ji inda kiɗan ya taka ba. Ya sayi abin kunne mai ɗan kyau, ya jira a kashe janareta, ya ajiye wayar a kife. Kuma kada ya bar ta tana tsallake-tsallake daga wannan faifai zuwa wancan. Mutanen nan sun zauna sun jera abin da zai biyo bayan wani.

Tunda na fara ƙorafi bari in ƙarasa. Masu sa kiɗa a gidan biki da ke ƙure lasifika har ƙirjin mutum yana rawa, ba kiɗa suke so ba. In ba za ka iya gaisawa da na kusa da kai ba, an zalunci makaɗin da baƙin gaba ɗaya.

Sarkin Gardama: A nan kam muna tare ɗari bisa ɗari. Amma tsawon fa Baba? Me ya sa sai minti tara, minti sha biyar?

Mai Garmaho: Da ba haka yake ba. Tsohon faifai mai juyi 78 minti uku da 'yan kai yake ɗauka a kowane gefe, don haka duk abin da Armstrong ya ɗauka a Chicago daga 1925 zuwa 1928 a cikin minti uku ya faɗi abin da zai faɗa, kuma har yau ba a wuce shi ba. Sai a 1948 kamfanin Columbia ya fito da dogon faifai mai cin fiye da minti 20 a gefe ɗaya. Wasu sun yi amfani da filin, wasu surutu kawai suka ƙara. Ga aikin gida: nemi Kind of Blue na Miles Davis, 1959. A zama biyu aka ɗauke shi a New York, kuma bai ba makaɗan cikakken rubutu ba sai 'yan guntayen bayanan kiɗa da suka gani a ranar. Saurari na farko a ciki sau biyu. Karon farko ka bi bes kaɗai, Paul Chambers, shi ne ma ke faɗin taken, sauran suna amsa masa da sauti biyu. Karo na biyu ka kwatanta yadda Miles ke tsinke magana gajere-gajere da yadda Coltrane ke shigowa ya cika ko'ina.

Ɗan Samaru: Daga nan sai ya wuce zuwa Ornette Coleman da Coltrane na ƙarshe-ƙarshe.

Mai Garmaho: Kada ka kore min ɗalibi. Ni Coltrane ina tare da shi har Disambar 1964 da ya ɗauki A Love Supreme. Abin da ya biyo baya daga tsakiyar 1965 har rasuwarsa a 1967, da aka jefar da take aka jefar da awo kowa yana ihu a lokaci ɗaya, ina girmama niyyarsa amma ba na sakawa.

Ɗan Samaru: Baba, abin da aka faɗa wa Parker ke nan a 1945, cewa hayaniya ce. Armstrong kansa ya kushe bebop, wato salon na su Parker. Kowane tsoho yana tsayar da jazz a shekarar da kunnensa ya gaji. Kuma kai ka ce sauraren juna ne ma'auni. In an cire take da awo, ai ba abin da ya rage wa makaɗan sai sauraren juna.

Mai Garmaho: Su suna jin juna, na yarda. Ni da ke zaune a gefe da me zan bi su? Ka zo gida da faifan da ka fi yarda da shi, in dafa shayi, ka nuna min minti ɗaya da za ka iya rera min bayan an kashe.

Ɗan Samaru: Na karɓa. Lahadi bayan la'asar. Sukari kaɗan.

Sarkin Gardama: Na dawo. Na sa abin kunnen ƙanwata na ji na farkon. Bes ɗin na ji shi, kuma amshin nan na sauti biyu ya shiga kaina, ba zan yi ƙarya ba. Wurin Miles na bi. Da Coltrane ya shigo na sake ɓacewa. Har yanzu Shata ne gaba.

Mai Garmaho: Ba wanda ya ce ka saki Shata. Gobe ka sake, wannan karon ka bi mai ganga, Jimmy Cobb.

Direban Dare: Wani ya taimaka ya rubuto min sunan mai gangar nan na ɗazu daidai, na nema ban samu ba. Kuma wanda bai da nauyi, data ta kusa ƙarewa.

Bazazzagiya: Art Blakey, Malam. Na tura maka ta gefe.

Shugaban Zaure: Sha ɗaya ta wuce. Kada a turo sauti ko bidiyo cikin zaure sai da safe. Masu zuwa shayin Lahadi su yi magana da Baba kai tsaye.